Daga Aikin Lauya Zuwa Jarida da Kare Haƙƙin Masu Saye: Amsa ga Wata Barista

Tambaya: Ni lauya ce a Kano, na yi wasu shekaru ina zuwa kotu, galibi a kan rikicin kwangila da na fili da na bashi. Yanzu hankalina ya karkata ga aikin jarida, musamman tona yadda ake cutar masu sayen kaya da masu biyan kuɗin wuta da masu hulɗa da bankuna. Shin karatuna zai yi mini amfani a can? Me ƙa'idojin sana'armu suka ce, kuma ta ina zan fara? Iyayena suna ganin asarar karatu zan yi.

Amsa: Barista, ƙanwata, karatunki zai yi miki amfani ƙwarai, kuma fagen da kike hange yana cikin waɗanda suka fi ƙarancin ma'aikata a aikin jaridar Hausa. Sai dai akwai abu guda da nake so ki daɗe kina juya shi a zuciya kafin ki taɓa komai a ofishinki, wato wanda za ki riƙa yi wa biyayya daga ranar da kika sauya aiki. Lauya yana da mutumin da ya ɗauke shi, kuma amanar da ke wuyansa ita ce ya gabatar da hujjar wannan mutumin a mafi kyawun siffarta, ya bar wa lauyan ɗaya ɓangaren ya kawo tasa, alƙali ya auna. Ɗan jarida kuwa ba shi da abokin karawar da zai cike masa giɓi, babu kuma alƙalin da zai tace maganarsa kafin ta isa kunnen jama'a, saboda haka shi ne zai nemo hujjar mai ƙorafi, shi ne zai nemo ta wanda ake ƙorafi a kansa, kuma dole ya faɗi abin da ya raunana labarinsa da bakinsa. Lauyoyin da na ga sun sha wahala a ɗakin labarai, kusan dukkansu a nan suka yi tuntuɓe, domin shekarun da suka yi a kotu sun saba musu da ɗaukar ɓangare tun kafin su gama sauraro.

Shari'ar maganin Trovan ta Kano ta isa ta nuna miki yadda sana'o'in biyu suke cika juna, da kuma inda kowacce ta tsaya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin a kan yara kimanin 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, inda aka ba rabinsu sabon maganin, rabi kuma aka ba su wanda aka saba amfani da shi, yara 11 suka rasu, wasu suka naƙasa. Maganar ta kwanta shekaru, har sai da jaridar Washington Post ta Amurka ta fito da bincikenta a Disambar 2000, sannan duniya ta waiwayo. Iyalan yaran sun shigar da ƙara a Amurka a 2001, gwamnatin Kano ta shigar da tata a 2007, aka yi sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75, kamfanin kuma ya ci gaba da cewa cutar ce ta kashe yaran, bai amsa laifi ba. Jarida ce ta buɗe rufin, amma ba ta da ikon karɓo wa kowa ko sisi, lauyoyi ne suka yi wannan, kuma an ɗauki shekara 13 daga gwajin zuwa sulhun. Ki lura da cewa na kawo miki matsayin kamfanin a cikin labarin. Lauyan iyalan ba zai ga wajibcin yin haka ba, amma ɗan jaridar da ya tsallake shi ya ci amanar mai karatu, ko da zuciyarsa tana tare da iyayen yaran kamar yadda tawa take.

A cikin tambayarki kin haɗa aikin jarida da fafutukar kare masu saye kamar abu ɗaya ne, alhali ayyuka biyu ne da ke tafiya kusa da juna, wani lokaci kuma su yi karo. Mai fafutuka yana da buƙatar da yake son ya cimma, misali a sauya wata doka ko a tilasta wa kamfani ya mayar da kuɗin mutane, yana rubuta koke, yana zuwa majalisa, yana shigar da ƙara. Ralph Nader na Amurka, wanda lauya ne da ya fito daga Harvard, wannan hanyar ya bi: binciken da ya wallafa a 1965 a kan hatsarin da ke cikin ƙirar motoci ya taimaka aka kafa dokar kiyaye lafiyar masu mota a 1966, kuma da kamfanin General Motors ya sa aka riƙa bin diddigin rayuwarsa, ya kai ƙara, aka biya shi dala 425,000, ya zuba kuɗin cikin aikin fafutuka. Nader bai taɓa ɓoye cewa yana da ɓangare ba, shi ya sa babu wanda zai zarge shi da yaudara. Abin da ba ya halatta shi ne ki shigar da ƙara a kan kamfani da safe, da yamma ki zauna a gidan rediyo ki karanta labarin ƙarar a matsayin wakiliyar da ba ruwanta. Idan kin zaɓi zama 'yar jarida, to ƙorafin da ya zo hannunki labari ne da za ki bincika, idan yana buƙatar kotu sai ki tura mai shi ga wani lauya. Idan kuma fafutuka kika zaɓa, ki kafa ƙungiya ko ki shiga wadda ake da ita, ki yi rubutu da sunanta, kowa ya san daga ina kike magana. Ra'ayina shi ne ki fara da jarida, saboda ita ce za ta koya miki sauraron wanda ba ki so, kuma wanda ya iya wannan ya fi iya fafutuka daga baya.

Abin da za ki shigo da shi wanda yawancin abokan aikinki ba su da shi, shi ne iya karanta takarda da sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta rushe tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar soja ta 1992, ta kafa hukumar gasa da kare masu saye ta tarayya, wato FCCPC, da kuma kotun musamman da ke sauraron ƙorafi a kan hukuncinta. Dokar ta ba mai saye haƙƙin a bayyana masa farashi, da haƙƙin mayar da kayan da ya samu da aibi, da haƙƙin soke abin da ya biya tun kafin lokaci, ta kuma hana sharuɗɗan kwangila na zalunci. A kanta ne wata babbar kotu a Enugu ta yanke hukunci a 2022 cewa ƙa'idar wani kamfanin sufuri ta rashin mayar da kuɗin tikiti ta saɓa wa doka. Duk da haka, ki duba rasit ɗin shaguna nawa ne a Kano har yau aka buga wa cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ki kuma tambayi masu sayen ko sun san wannan rubutun ba ya soke haƙƙin da doka ta ba su idan kayan ya fito da aibi. Hukumar FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, ta kuma fito da ƙa'idojin rajistar manhajojin ba da bashi a 2022, bayan da suka addabi mutane da aika saƙon tozarci ga duk lambar da ke cikin wayar wanda ake bi bashi. Irin waɗannan labarai suna wucewa a kafafenmu a matsayin kanun labarai na minti ɗaya, ba a samun mai zama ya fassara wa magidanci abin da suke nufi ga aljihunsa.

Bari in kawo miki misalin aikin a kusa. Wata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta zo da takardun kuɗin wuta na wata shida a cikin leda, ba ta da mita, kuɗin yana hawa kowane wata, an kuma yanke mata wuta. Wakilin da bai san fagen ba zai naɗi kukanta, ya sa a iska, a yi Allah wadai, gobe a manta. Ke kuwa za ki shimfiɗa takardun a tebur bisa jerin watanni, ki duba lambar asusunta da layin da take kai da rukunin da aka sa ta, ki nemo iyakar da hukumar NERC, mai sa ido a kan harkar wutar lantarki, ta ƙayyade wa kuɗin ƙiyasi a wannan layin, tunda tun 2020 hukumar ta sa wa irin wannan lissafi iyaka, sannan ki gwada da abin da aka rubuta mata. Idan an sa ta a rukunin Band A, wanda aka ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024 bisa sharaɗin samun wuta aƙalla awa 20 a rana, za ki nemi maƙwabtanta su rubuta lokacin da wuta ke zuwa da lokacin da take tafiya na tsawon mako biyu. Daga nan ki rubuta wa kamfanin tambayoyi a fili, ki ba shi wa'adi mai ma'ana, ki buga amsarsa yadda ya bayar. A ƙarshen rahoton ki gaya wa mai sauraro cewa ana fara kai ƙorafi a rubuce ga sashen ƙorafi na kamfanin, a karɓi shaidar an kai, idan kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba a wuce zuwa ofishin sauraron ƙorafi na NERC. Rahoto irin wannan ya amfani mutum dubu da ba su taɓa zuwa wurinki ba. Haka tsarin yake a banki, inda ake fara kai kuka ga bankin kafin a wuce sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya, da kuma layukan waya, inda hukumar sadarwa ta NCC take da lambar 622 ta kira kyauta. Akwai kuma ƙananan kotunan bin bashi da aka buɗe a Legas a 2018 da Kano a 2019, waɗanda mutum zai iya zuwa ba tare da lauya ba, da kuma hukumar kare masu saye ta Jihar Kano.

Masu sauraronki ba baƙin wannan magana ba ne. Duk wanda ya yi makarantar allo ya haddace surar da ta yi wa masu tauye mudu alkawarin azaba, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin haƙƙin mayar da kaya saboda aibi da haramcin algus. Matar da ke auna hatsi ta san mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki, ta san buhun da aka zuba mai kyau a sama aka ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa. Abin da ya rage shi ne a nuna mata cewa cajin da aka cire mata a asusu ba tare da bayani ba, da katin waya da ya ƙare ba ta kira kowa ba, da maganin da aka goge wa ranar lalacewa, duk dangin wannan mudun ne, kuma akwai ofishin da aka kafa domin su. Saboda haka ina ba ki shawarar ki ɗauki rediyo da muhimmanci. Tun da aka buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu a Kano, daga Freedom Radio a 2003 zuwa waɗanda suka biyo baya, talaka ya saba kai kukansa can kafin ya tuna da kotu. Wannan amincewar tana da haɗarinta, domin mai gabatar da shiri yana iya wayar gari ya mai da kansa alƙali, ya kira mutum a iska ya yanke masa hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba, kuma wanda ya karanta shari'a ya fi kowa sanin illar hakan.

Game da ƙa'idojin sana'a, ki ɗauko kundin ɗa'ar lauyoyi, wanda aka sabunta a 2023, ki karanta shi da idon mai shirin fita. Akwai ƙa'idar da ta hana lauya haɗa aikin lauya da wata sana'a a lokaci guda sai da izinin babbar majalisar lauyoyi, saboda haka idan za ki karɓi aikin jarida na cikakken lokaci alhali kina ci gaba da zuwa kotu, ki nemi bayani a rubuce tun da wuri. Kundin ya yarda lauya ya yi rubutu a jarida ko ya shiga shirin rediyo da talabijin domin wayar da kai a kan doka, amma ya hana shi karɓar aikin ba mutane shawara a kan shari'arsu ta ƙashin kansu ta wannan hanyar. Wannan ya shafe ki kai tsaye, domin da zarar an buɗe layin waya, wani zai ce ga abin da mai gidan hayarsa ya yi masa, me zai yi. Ki bayyana abin da doka ta ce a dunƙule da inda ake kai irin wannan ƙorafi, ki bar shawarar takamaimai ga lauyan da zai ga takardunsa. An kuma hana lauya yin maganar da za ta iya shafar shari'ar da yake cikinta a wajen kotu. Mafi nauyi duka shi ne sirrin waɗanda kika taɓa yi wa aiki, wanda ba ya faɗuwa don kin ajiye riga da hula. Abin da wani kamfani ya gaya miki a ofis ba zai taɓa zama labari a hannunki ba, kuma ya fi miki aminci ki rubuta sunayen tsofaffin masu hulɗa da ofishinku ki miƙa wa editanki, ki ce ba za ki taɓa labarinsu ba. Ki ci gaba da biyan kuɗin lasisin aiki na shekara kafin ƙarshen Maris, domin sunanki yana nan a rajistar Kotun Ƙoli, kuma babu hikima a rufe ƙofar da ba ta hana ki komai.

Sai maganar haɗari, wadda ba zan rage miki ita ba. Ɓata suna a ƙasar nan abin ƙara ne na neman diyya, kuma laifi ne a ƙarƙashin sashe na 391 da 392 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar da aka fi ɗauka a kan 'yan jarida, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024, amma kamun bai tsaya ba. A 2023 an kama wata mata a Legas saboda ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, aka gurfanar da ita. Idan mai saye ɗaya ta fuskanci haka, ki ƙiyasta abin da ke jiran wadda ta mai da abin sana'a. Kariyarki ita ce wadda kika riga kika sani: gaskiyar da za ki iya tabbatarwa, da sharhin adalci da aka gina a kan tabbataccen abu, da rahoton zaman kotu da aka kawo daidai. Kada ki ce kaya jabu ne ko guba ne sai da sakamakon ɗakin gwaji ko sanarwar hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ko ta SON mai kula da ingancin kayayyaki a hannunki, ki ajiye rasit da kwalin da lambar rukunin kayan, ki adana kowace wasiƙa da kika aika. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumomin gwamnati kwana 7 su amsa buƙata, kuma ke da kika iya rubuta wasiƙar da ba ta bar mafaka ba, kika kuma san hanyar kotu idan an yi biris, za ki ci moriyarta fiye da yawancin 'yan jarida.

Akwai abin da za ki koya daga tushe, kuma gara ki shiga da tawali'un ɗalibi. Rubutun lauya yana jera tarihi ya ajiye hukunci a ƙarshe, yana tara kalmomi uku inda ɗaya ta isa saboda tsoron giɓi, labari kuwa yana fara wa da abin da ya faru da wanda abin ya shafa. Tambayar da kika saba yi wa mai shaida a kotu, wadda kin riga kin san amsarta, ba ta buɗe bakin mutum a kasuwa, can sai kin yi tambayar da ba ki san inda za ta kai ki ba, kin kuma yi shiru kin jira. Za ki koyi fassara harshen doka zuwa Hausar da tsohuwa za ta gane ba tare da kin karkatar da ma'ana ba, wanda a ganina shi ne mafi wuya a cikin aikin duka. Ba lallai ne ki sake yin digiri ba. Difloma ta gaba da digiri a sashen aikin jarida, irin wadda ake yi a jami'o'i da cibiyoyin horas da 'yan jarida, tana da amfani, kuma cibiyoyin aikin jarida na bincike irin su CJID da ICIR da Cibiyar Wole Soyinka suna ba da horo da tallafin bincike, amma babu abin da ya kai zama ƙarƙashin edita mai tsanani wanda zai dawo miki da rubutunki da jan biro.

Kuɗi kuma, ki sa a ranki cewa samunki zai ragu, aƙalla a farko. Albashin jarida kaɗan ne, a wasu gidajen ma yana makara, kuma daga nan ne al'adar karɓar na goro bayan taron manema labarai ta samu gindin zama. A fagen da kika zaɓa wannan al'adar kisa ce, domin kamfanonin da za ki bincika su ne masu ba gidajen jarida talla, kuma ranar da aka ji kin karɓi ko kuɗin mota daga ɗayansu, duk rahotannin da kika yi a baya sun zama abin zargi. Ki tambayi duk gidan da zai ɗauke ki, tun kafin ki sa hannu, abin da zai yi idan mai talla ya kira ya ce a janye labari, da kuma wanda zai ɗauki nauyin lauya idan an kai ki ƙara. Ki tanadi abin da zai riƙe ki na wasu watanni kafin ki bar ofis.

Iyayenki suna da hujjar damuwa, domin sun ga wahalar da aka sha daga jami'a zuwa makarantar horas da lauyoyi, kuma bai kamata ki amsa musu da gardama ba. Ki nuna musu cewa hanyar ba sabuwa ba ce. Marigayi Tony Momoh lauya ne kuma ya yi editan Daily Times. Babatunde Irukera, wanda ya jagoranci hukumar kare masu saye ta tarayya daga 2017 zuwa farkon 2024, lauya ne da ya yi aiki a shari'ar Trovan, kuma Tunji Bello da aka naɗa a kujerar a 2024 lauya ne kuma tsohon editan jarida. Abin da zai fi kwantar musu da hankali shi ne su ga kin taka a hankali. Ki fara da shafi na mako-mako a jaridar Hausa ko fili na rabin awa a rediyo alhali kina ofishinki, a cikin iyakar da kundin ɗa'a ya yarda, ki zaɓi fanni guda, wuta ko banki ko magunguna, ki san shi ciki da waje. Idan kin tara rahotanni biyar ko shida da kika bi tun daga ƙorafi har zuwa amsar kamfani da matakin hukuma, ki ɗauke su ki kai wa edita, ki nemi ya ba ki wannan fannin a matsayin naki, sannan ki yanke shawarar ranar da za ki miƙa takardar barin aiki.